Ranar 15 ga Maris: Daga Rum zuwa Giginya

Ranar 15 ga watan Maris ita ce ta 74 a shekarar Miladiyya, ko ta 75 a shekarar da Fabrairu ya yi kwana 29. A ƙasar Hausa takan faɗo ne lokacin da hunturu ya kwashe kayansa, bazara ta kunno kai, rijiyoyi sun fara ja da baya. Kwanan wata kamar zango yake, inda fataken da ba su san juna ba sukan kwana wuri ɗaya, kowa da inda ya fito da inda ya dosa. Abubuwan da suka auku a wannan rana babu abin da ya haɗa su sai lambar da ke jikin kalanda. Duk da haka, wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai ga mafi yawan manyan cikinsu labarin mulki ne da yadda yake suɓucewa daga hannun mai shi. Zai kuma ga cewa da yawa daga waɗanda abin ya faru a kan idonsu ba da wannan suna suka san ranar ba.

Mafi daɗewa a cikin abubuwan da suka fito da sunan ranar shi ne kisan Yuliyas Kaisar a birnin Rum, a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Rumawa ba sa ƙirga kwanakin wata daga ɗaya zuwa talatin. Ranaku uku suka kafa a kowane wata, sauran kuwa sai a ce saura kwana kaza a kai rana kaza. Ta tsakiyar wata, wadda suke kira Idus, takan kama ran 15 a watannin Maris da Mayu da Yuli da Oktoba, a sauran watanni kuma ran 13. A Idus ɗin Maris aka kira zaman majalisar dattawa, kwana uku kafin ranar da Kaisar ya shirya fita yaƙi da daular Fartiya a gabas.

Makonni kaɗan kafin nan an naɗa shi mai cikakken iko na muddin rai, abin da jamhuriyar Rum ba ta taɓa yarda da shi ba tun da ta kori sarkinta na ƙarshe kusan shekara ɗari biyar baya. Dattawa wajen sittin, ƙarƙashin jagorancin Burutus da Kashiyas, suka ƙulla cewa gara a kawar da shi kafin ya bar gari ya shige tsakiyar sojojinsa. Marubutan tarihin Rum sun ruwaito cewa wani boka mai suna Sifurina ya gargaɗe shi da wannan rana, matarsa Kalfurniya kuma ta yi mummunan mafarki ta roƙe shi ya zauna a gida. Har ya karkata ga zama, sai ɗaya daga cikin maƙarƙatan, wanda Kaisar ya ɗauka amini ne, ya zo har gida ya lallashe shi. Zaman ranar an yi shi ne a wani zaure da ke cikin ginin da tsohon abokin gabarsa Fomfe ya gina. Da ya zauna sai suka kewaye shi kamar masu kawo koke, ɗaya ya fizge masa mayafi daga kafaɗa, sauran suka zaro wuƙaƙe. Sara da suka ashirin da uku aka ƙirga a jikinsa, likitan da ya duba gawar kuma ya ce ɗaya ce kaɗai daga ciki ta isa kisa. Kaisar ya faɗi a gindin mutum-mutumin Fomfe. Zauren ya watse, gawar ta daɗe a yashe, sai daga baya bayinsa uku suka ɗauke ta zuwa gida.

Masu kisan sun zaci da an kawar da mutumin jamhuriya za ta dawo da kanta. Lissafinsu bai fita ba, domin ciwon da ke cin Rum ya girmi Kaisar: sojoji sun riga sun saba da yi wa kwamandan da ke biyan su biyayya fiye da majalisa. Da aka karanta wasiyyarsa aka ji ya bar wa kowane ɗan birni kuɗi, ya kuma bar wa jama'a lambunansa, sai gari ya juya wa maƙarƙatan baya, suka tsere. A shekara ta 42 aka ci su da yaƙi a Filibi, Burutus da Kashiyas kowa ya kashe kansa. Jikan 'yar'uwar Kaisar, Oktabiyan, wanda wasiyyar ta mayar ɗansa yana da shekara 18, shi ne ya zama Agustas a shekara ta 27, sarkin farko na daular Rum. Abin da suka zubar da jini don gudunsa, shi suka gaggauto.

Kalandar da aka rubuta ranar mutuwar Kaisar a cikinta ma shi ya tsara ta. Kafin zamaninsa lissafin Rumawa ya rikice har watanni sun bar lokutansu. Da shawarar wani masanin taurari na Iskandariyya mai suna Sosijinis, ya tsawaita shekara ta 46 ta kai kwana 445 don a daidaita, sannan aka kafa shekara mai kwana 365 da ƙarin kwana ɗaya duk bayan shekara huɗu. Tsarin yana da ɗan kuskure na minti goma sha ɗaya a shekara, wanda ya yi ta taruwa har Fafaroma Giregori na 13 ya gyara a 1582: aka kwana ran 4 ga Oktoba aka wayi gari ran 15. Ba kowa ya bi nan take ba. Ingila sai a 1752, Rasha kuwa sai a 1918. Saboda haka duk wani "15 ga Maris" da ya gabaci gyaran, da tsohon lissafi aka rubuta shi.

Misalin haka shi ne dawowar Kiristofa Kolumbus tashar Falos a ƙasar Sifen ran 15 ga Maris 1493, ranar da lissafin yau zai kira 24 ga wata. Ya tashi daga wannan tasha da jirage uku a watan Agustan 1492, watanni bakwai bayan faɗuwar Garnaɗa, birni na ƙarshe da ya rage a hannun Musulmin Andalus. Babban jirgin ya farfashe a gaɓar tsibirin Hisfaniyola, ya bar mutum 39 a can, ya dawo da ɗan zinariya da aku da wasu mutanen tsibiran da ya kamo. Yana ganin gefen Asiya ya taɓo. Ga mutanen waɗancan tsibirai dawowarsa lafiya ita ce mafarin halaka, domin cikin 'yan shekarun da suka biyo cuta da aikin tilas suka kusa share su, kuma giɓin da suka bari da bayin Afirka aka cike shi. A wannan rana ce kuma a 1848 matasan birnin Fest suka tashi neman 'yancin Hangari daga sarautar Ostiriya. An murƙushe yunƙurin a shekarar da ta biyo, amma har yau ranar hutun ƙasa ce a can.

Ga mai karatu a ƙasar Hausa, babu 15 ga Maris da ta kai ta 1903 nauyi. Lahadi ce, a tsakiyar watan Zulhajji na shekarar Hijira ta 1320, kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallah, kuma da wannan lissafi mutanen Sakkwato suka san ta. A ranar ne rundunar Ingila ta fuskanci ta Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu a filin Giginya, kudu da ganuwar birni.

Abin ya daɗe yana tahowa. Tun daga 1900, lokacin da Gwamna Lugga ya shelanta cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin Ingila, masarautu suke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya: Bida da Kwantagora da Yola a 1901, Bauchi a 1902, Zazzau ma a shekarar ta shiga hannu. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a Oktoban 1902, Attahiru ya gaji gadon da wuta ta riga ta kewaye. Ran 3 ga Fabrairun 1903 Kanar Molan ya fasa ganuwar Kano da igwa alhali Sarkin Kano Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato, inda ya je mubaya'a. A ƙarshen watan aka gwabza a Kwatarkwashi, Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a fagen daga. Daga nan hanyar Sakkwato ta buɗe.

A cikin birni shawara ta rabu uku. Wasu suka ce a yi yaƙi, wasu suka ce a nemi sulhu, wasu kuma suka ce a yi hijira kamar yadda Shehu Usmanu ya yi daga Degel zuwa Gudu a 1804. Shi Attahiru zuciyarsa ta fi karkata ga hijira, amma kwashe gari guda da mata da yara da tsofaffi a farkon bazara ba aikin kwana biyu ba ne, Nasara kuwa sun riga sun ƙarato. Sai aka tsaya a kan yaƙi. Ba a shiga cikin ganuwa aka rufe ƙofofi ba, domin labarin abin da igwa ta yi wa Kano ya iso. Aka fito fili, dawaki da dakaru suka ja daga, Sarkin Musulmi a tsakiya, manyan 'yan majalisa irin su Marafa Maiturare suna riƙe da ɓangarori.

Rundunar da Janar Kembal da Kanar Molan suka zo da ita ba ta kai soja dubu ba. Turawan cikinta 'yan ƙalilan ne, hafsoshi. Masu riƙe da bindigogin baƙar fata ne, kuma da yawansu Hausa suke ji, abin da ba a cika son tunawa da shi ba amma yana cikin labarin. Ƙarfinsu ba a yawa yake ba, a makami yake da tsari. Sukan tsaya ne murabba'i, kowane gefe yana fuskantar waje, ga bindiga mai ruwan harsashi a kusurwa, ga igwa a ciki. Mayaƙan Sakkwato sun ninka su sau da yawa, amma abin da ke hannunsu takobi ne da mashi da kwari da baka da 'yan bindigogin toka. Barde mai sulke da lifidi sai ya iso jikin abokin gaba yake da amfani, harsashi kuwa tun daga nesa yake tarye shi. Kafin rana ta take, daga ta watse. Waɗanda suka tsaya su ne masu tsaron tuta. Wannan ya faɗi wancan ya karɓa, ba su gusa daga gindinta ba har aka ƙarar da su, kuma hafsoshin Turawan da kansu sun rubuta jaruntakarsu. Asarar da maharan suka yi ba ta taka kara ta karya ba.

Ranar ta haifar da hanyoyi biyu, kuma kowace da hujjar da masu ita suka riƙa. Waziri Buhari ya koma birni da waɗanda suka rage. Daga baya ya rubuta wata risala yana bayyana dalilinsa, bayan ya nemi fatawar malamai: idan shugabanni duka suka tafi, talakawan da ba su da ikon tafiya za a bar su ba mai tsaya musu, kuma shari'a ta yarda a yi zaman zahiri da wanda ya fi ƙarfi muddin bai hana addini ba. Lugga ya iso ran 19 ga wata, ran 21 aka naɗa Muhammadu Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba. A jawabinsa Lugga ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba, amma ya faɗa ƙarara cewa ikon naɗi da na haraji da na ƙasa sun koma hannun Ingila.

Attahiru na farko kuwa ya nufi gabas da niyyar isa Makka. Duk inda ya ratsa sai manoma su bar gonaki, masu sana'a su bar rumfuna, su bi shi, har abin ya tsorata Turawa fiye da yaƙin Giginya. Suka bi sawunsa zuwa Burmi, kusa da kogin Gongola, a jihar Gombe ta yau. A karon farko, cikin watan Mayu, mutanen Burmi suka kore su. A karo na biyu, ran 27 ga Yuli, aka kashe Sarkin Musulmi tare da mutane fiye da ɗari shida, kwamandan Turawa Manjo Mash shi ma ya mutu a wurin. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka ci gaba har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yanzu da zuriyarsu. Mai neman adalci ba zai ce ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu tsoro ce ko wauta ba. Mutane ne da abin da ya fi ƙarfinsu ya auko musu, kowa ya zaɓi abin da yake ganin zai iya amsawa a gaban Allah.

A wannan rana ta Giginya, a garin Dange da ke kusa, aka haifi jikan Sarkin Musulmi Mu'azu aka sa masa suna Abubakar. Shi ne ya hau gadon sarauta a 1938, ya ba Ahmadu Bello sarautar Sardauna da shi kansa ya riƙe, ya yi shekara 50 a kan mulki har rasuwarsa a Nuwamban 1988. A zamaninsa Turawa suka tattara suka tafi, kuma a hannunsa aka mayar da tutar Attahiru da Turawa suka ƙwace, a 1960. Sunan Giginya yana nan a kan barikin soja da filin wasa na Sakkwato.

Shekara goma sha huɗu bayan yaƙin Giginya, a wannan rana, Sarkin Rasha Nikolas na biyu ya sauka daga mulki a cikin taragon jirgin ƙasa a tashar Fiskof. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye maza da abinci. Mata ma'aikatan masaƙu a birnin Fetirograd suka fita neman burodi, yajin aiki ya bazu, sojojin da aka ce su yi harbi suka koma wajen masu zanga-zanga. Sarki ya taso daga hedikwatar yaƙi zai koma gida aka tare masa hanya, janar-janar ɗinsa kuma suka ba shi shawarar ya sauka. Da farko ya bar wa ɗansa Alekse, amma da likita ya tabbatar masa cewa ciwon rashin daskarewar jini da yaron ke fama da shi ba ya warkewa, sai ya mayar wa ƙanensa Mika'il. Washegari shi ma ya ƙi karɓa, sarautar gidan Romanof da ta faro a 1613 ta ƙare. Takardar murabus ɗin 2 ga Maris aka rubuta a jikinta, domin Rasha tana kan tsohuwar kalanda, wadda a lokacin take bayan sabuwa da kwana 13. Ran 15 ga Maris 1990 kuma aka rantsar da Mikha'il Gorbacof shugaban Tarayyar Sobiyet. Shi ne na farko a wannan kujera, shi ne na ƙarshe, don kafin ƙarshen 1991 tarayyar ta wargaje.

A 1922 Sultan Fu'ad na Masar ya ɗauki laƙabin sarki a wannan rana, bayan Ingila ta ba ƙasar 'yancin da ta riƙe igiyarsa. A 1939 sojojin Hitila suka shiga birnin Firag ba tare da yaƙi ba, wata shida bayan yarjejeniyar Munik da Ingila da Faransa suka yarda a yanki wani ɓangaren Cekosulobakiya a ba shi don a zauna lafiya. Daga ranar ne suka gane cewa ba ya ƙoshi. A 1961 kuwa, a taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a Landan, Firayim Ministan Afirka ta Kudu Ferwud ya janye buƙatar ƙasarsa ta ci gaba da zama a ƙungiyar, da ya ga ba za a kawar da kai daga mulkin wariyar launin fata ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ƙasarsa ba ta cika wata shida da samun mulkin kai ba, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata. Afirka ta Kudu ba ta koma ba sai a 1994.

Ranar 15 ga Maris 1985 ta haɗa abu biyu masu nisa da juna. A Barazil mulkin soja na shekara 21 ya ƙare, sai dai zaɓaɓɓen shugaba Tankiredo Nebes yana kwance a asibiti, mataimakinsa Jose Sarne aka rantsar, Nebes kuwa bai tashi daga ciwon ba. A Amurka wani kamfanin kwamfuta mai suna Symbolics ya yi rajistar adireshin intanet na farko mai ƙarewa da .com, ba tare da duniya ta lura ba. A 2003 Shugaban Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya Anj Filis Fatase yana dawowa daga wani taron shugabanni a Yamai sai ya tarar tsohon hafsan sojojinsa Faransuwa Bozize ya kama Bangi. Jirginsa bai iya sauka ba, ya juya zuwa Kamaru. Daga wannan rana a 2011 kuma ake ƙirga farkon boren Siriya, wanda ya zama yaƙin da ya ci dubban ɗaruruwan rayuka ya raba miliyoyi da gidajensu, kafin Bashar al-Assad ya bar Dimashƙa a Disamban 2024.

Ran Juma'a 15 ga Maris 2019 wani ɗan Ostireliya mai aƙidar fifita farar fata ya shiga masallacin An-Nur a birnin Kiraiscoc na ƙasar Niyu Zilan ana shirin sallah, ya buɗe wuta, yana watsa abin kai tsaye a Facebook. Daga nan ya wuce masallacin Linwud. Mutum 51 suka rasu, ƙaraminsu yaro ɗan shekara uku, da yawansu kuma mutane ne da suka gudo daga yaƙi a ƙasashensu suna neman inda za su zauna lafiya. A masallacin farko wani mutum ya tunkari maharin hannu rabbana ya rasa ransa. A na biyu wani ya ɗauki na'urar cirar kuɗi ta kati ya jefe shi da ita, ya bi shi har mota, abin da ya tsirar da rayuka da dama.

Yadda ƙasar ta karɓi abin ya cancanci a rubuta shi. Firayim Minista Jasinda Adan ta yafa gyale ta je ta'aziyya, ta kuma ce ba za ta taɓa ambatar sunan maharin ba. Juma'ar da ta zagayo aka watsa kiran sallah a rediyo da talabijin na ƙasa, dubban mutanen da ba Musulmi ba suka tsaya a filin da ke gaban masallacin ana sallah. Kafin wata guda ya cika majalisa ta haramta mafi yawan bindigogi masu sarrafa kansu, da ƙuri'a 119 a kan 1. A Agustan 2020 kotu ta yanke wa maharin ɗaurin rai da rai ba tare da damar sassauci ba, hukuncin da ba a taɓa yanke wa kowa ba a ƙasar. Ran 15 ga Maris 2022 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙudurin da Fakistan ta gabatar a madadin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, aka keɓe wannan rana a kowace shekara domin yaƙi da ƙyamar Musulunci.